Ɗan Farin Laure a Amurka

Duk unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi babu uban da ke ƙwala wa 'yarsa ta fari kira da sunanta tun daga bakin titi sai Malam Kalilu malamin gona. Da ya kashe babur za ka ji shi: "Asiya! Asiya! Ina Asiyata?" Yarinyar ta fito da gudu, ya cafe ta ya ɗora a wuya, ya shige gida yana yi mata waƙa. Dattawan da ke zaune a gindin masallaci sai su sunkuyar da kai, don kunyar da ya kamata ya ji su ne suke ji masa. In baƙo ya tambaya ko lafiyar mutumin ƙalau, amsar ɗaya ce: "Ƙyale shi, Amurka yat tahi." To, Amurka tana da nata laifin, amma ba ita kaɗai ba ce.

Kalilu shi ma ɗan fari ne. Ubansa Maliki fataucin albasa yake yi, yana saro ta a fadama yana lodawa zuwa kudu. Uwarsa Laure kuwa mace ce da aka sani da kunya tun tana budurwa. Kowa ya san uwar kirki ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Sauran mata suna yin wannan daidai gwargwado, wata ma in ta ga ba kowa sai ta ɗan saci wasa da ɗanta. Laure ita ba ta san gwargwado ba. Ranar da aka yaye yaron, yayar ubansa, Goggo Baiwa, ta zo daga Argungu ta goya shi ta kama hanya, Laure ko leƙowa ba ta yi ba.

A Argungu ya tashi, cikin hayaƙi. Goggo Baiwa bandar kifi take yi. Takan tari masunta a bakin gulbi tun kifin yana motsi, ta yi ciniki da faɗa kamar za a daku, a rabu ana dariya. Kalilu ya iya iyo kafin ya iya ɗaura wando, kuma rigarsa ko an wanke ta da sabulu sai kuliyoyin unguwa sun bi shi. Sunansa kam ya sha kira a gidan Goggo, sai dai yawanci da zagi a bayansa.

Da salla akan kai shi gidan iyayensa a Birnin Kebbi ya kwana biyu. A nan ne ake ganin ikon Allah. Laure ba ta taɓa barinsa da yunwa ba, amma ba ta taɓa ce masa ga abinci ba. Sai ta fito tsakar gida ta dubi kaji ta ce, "Ku kaji, in akwai mai jin yunwa cikin gidan ga, tuwo na nan ruhe bakin murhu." Kalilu ya tashi ya ɗauka. In za ta ambace shi dole, sai ta ce "na Argungu". Akwai wani mai tallan kananzir a unguwar, shi ma sunansa Kalilu. Laure ta gwammace ta aika har kasuwa da ta tsaya a zaure ta kira shi. Mutumin har ya bar sana'ar bai san laifin da ya yi mata ba.

Duk wannan bai taɓa damun yaron ba. Haka ya ga ana yi, kuma in an zauna ana yabon matan unguwa, aka ce ai kunya sai Laure, har wani daɗi yakan ji.

Da ya gama firamare aka ɗauke shi sakandaren kwana a Birnin Kebbi. Ba wani haziƙi ba ne a lissafi, amma Allah ya hore masa baki, kuma ba ya tsoron Turanci. Ko bai san kalma ba sai ya afka mata. Yana aji huɗu, a farkon shekarun tamanin, wata ƙungiya mai musayar ɗalibai ta aiko a zaɓi yara daga Jihar Sakkwato, wadda Birnin Kebbi take cikinta a lokacin, su je Amurka su yi shekara guda a gidajen mutane. Aka yi jarrabawa, aka yi hira. Sauran yaran suna gaban Baturiya suna rawar murya, Kalilu kuwa sai da aka ce masa ya isa haka. Sunansa ya fito.

Maliki ya tambaya ko wurin ya fi Makka nisa, aka ce ya fi. Ya tambaya ko suna cin albasa, aka ce suna ci. Ya ce to ai mutane ne, a tafi. Goggo ta yi kuka ta yi faɗa ta ƙulle masa bandar da ba a bar shi ya shiga jirgi da ita ba. Ranar tafiya ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin uwarsa ya ce, "Inna, za ni tahi." Daga bayan labule Laure ta yi gyaran murya, ta ce da akuyar da ke ɗaure a turke, "Allah shi kiyaye matahiya duka, na kudu da na arewa." Kalilu ya ce amin, akuya ta ci gaba da tuƙa.

Wani ƙaramin gari aka kai shi a jihar Ayowa, inda ba abin da ido ke gani sai masara. Mai gidan, Mista Harol, manomi ne dogo mara magana. Matarsa Beti ita ce ta karɓi rabon maganarsa ta haɗa da nata. Tun a filin jirgi ta hango shi, ta taho da gudu, ƙatuwar mace mai jan gashi, ta rungume shi ta matse. Kalilu, wanda rabonsa da jikin mace tun bayan Goggo, ya sandare kamar taɓarya, yana salati a zuci, yana duban mijin ya ga ta inda duka zai fito. Mijin murmushi kawai yake yi, yana riƙe da akwati.

Sai kuma sunan. Ashe tun da aka aiko mata da takardunsa take koyon faɗinsa, yanzu kuwa ta samu mai shi. Kalilu ka tashi? Kalilu ga madara. Kalilu ka ji sanyi? Kalilu, Kalilu. Kafin azahar ɗin farko ya ji sunansa ya fi abin da ya ji a shekara goma sha bakwai. Ta ce shi ma ya riƙa kiranta Beti, haka gatsau. Ya gwada, harshensa ya ƙi. Daga ƙarshe in yana son magana da ita sai ya yi tari, har ta kai shi asibiti a duba masa ƙirji.

Suna da ɗa guda, Tom, sa'ansa, gabjeje har gemu ya fara tsiro masa. Kullum da safe Beti sai ta kamo kansa ta sumbaci goshinsa, a gaban uban, a gaban baƙo. Kalilu ya yi ta nazarin abin, ya gano bakin zaren da kansa: lallai akwai wani babba da ya rasu. Wata rana suna hanyar makaranta ya sassauta murya ya yi wa Tom ta'aziyyar yayansa.

"Wane yaya?" in ji Tom. "Ni kaɗai ne."

"Kai ne na fari?"

"Ni ne na fari, ni ne na ƙarshe."

Kalilu ya kama baki. Yinin ranar bai iya haɗa ido da Beti ba, tausayinta yake ji, baiwar Allah, mace mai kirki amma ba ta samu wanda zai kwaɓe ta ba.

Abin ya taso ne wajen cin abinci, bayan an girbe masara. Beti tana zuba masa dankali ta tambaye shi wane sunan shagwaɓa mamarsa take kiransa da shi a gida. Kalilu ya gyara zama. Ga dama ta samu da zai nuna musu daga irin gidan da ya fito, watakila ma matar ta ɗauki darasi.

"Ba ta kirana," ya ce.

"Ina nufin, in za ta kira ka."

"Ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ko sau ɗaya."

Beti ta tsaya da cokali a sama. Ta tambaya to me suke hira a kai. Ya ce ba sa hira, da kaji take magana shi kuma ya ji. Ya ƙara da cewa yana ɗan shekara biyu ta bar wata ta tafi da shi wani gari, ko fitowa ba ta yi ba. Ya ga idon Beti ya kawo ruwa, ya ɗauka tsabar burgewa ce, sai ya ƙaro mata labarin mai kananzir, ya rufe da na akuya. Yana faɗa yana ɗaga kai, don shi a ransa kirari yake yi wa uwarsa. Cokali ya faɗi. Beti ta toshe baki ta tashi ta shige ɗaki. Mista Harol ya daɗe yana kallon farantinsa, sannan ya ɗauki naman da ke ciki ya sa a na Kalilu.

Kafin mako ya zagayo duk garin ya ji. Matan cocin su Beti suka shiga sallama ɗaya bayan ɗaya, kowace da kwano a rufe, kowace sai ta shafa kansa ta share hawaye. Aka kawo masa rigar sanyi har uku, aka kawo keke. Mai aski ya ce ya riƙa zuwa kyauta. Kalilu ya yi ƙoƙarin gyara zancen sau ɗaya. Ya ce ai don shi ne na fari shi ya sa. Beti ta dafe ƙirji ta ce wannan ai ya fi muni. Daga nan bai sake gwadawa ba. Kuma a faɗi gaskiya, maraicin nan ya karɓe shi: wuyansa ya cika, kumatu suka fito, wandunan da ya zo da su suka daina shiga.

Sai sanyi ya sauka, ƙanƙara ta rufe gonaki, aka koma zaman ɗaka. Mutumin da ya saba yawo bakin gulbi, in ka kulle shi a ɗaki sai tunani. Yakan ga Beti tsaye a taga in Tom ya yi jinkirin dawowa, tana kai da kawo, in ya shigo ta rufe shi da faɗa sannan ta rungume shi. Kalilu ya shiga lalube a cikin kansa ko zai tuno rana ɗaya da Laure ta yi masa wani abu mai kama da haka. Ya laluba ya laluba bai samu ba. Ai kunya ce, ya gaya wa kansa. To amma in uwa tana kunyar ɗanta, wata kuma ba ta son nata, duka biyun kuma ba sa kiran suna, ba sa kallo, ba sa fitowa sallama, ta ina ɗan zai gane wacce ce tasa? Tambayar nan ta shige shi ta ƙi fita. Abincin matan coci ya daina yi masa daɗi. Ya ji haushin Beti da ta jawo masa wannan, ya ji haushin kaji, ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba.

Ana cikin haka Beti ta zaunar da shi ta riƙe hannunsa biyu. Ta ce sun yi shawara: in shekara ta cika kada ya koma. Ya gama makaranta a nan, su kai shi jami'a, ya zama ɗansu na biyu. Da a watan da ya zo ne da dariya zai yi. Yanzu kuwa bai ce a'a ba.

Mista Harol ne ya buɗe baki, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ce ba a riƙe ɗan mutane ba a tambayi masu shi ba, ko ɗan maraƙi ne. Aka rubuta wa shugaban makarantar su Kalilu, wanda ofishinsa ke da tarho, aka sa rana a kawo iyayen. Kalilu bai gaya wa kowa ba, amma ya yanke a ransa: zai tambaye ta da bakinsa. In ta ce ya zauna, ko ta yi shirun nan nata, to ya zauna ke nan.

Ranar ta zo. A Ayowa hantsi ne, a Birnin Kebbi la'asar ta kusa. Aka yi ta fama da masu haɗa waya, daga ƙarshe layi ya shiga, yana shuu kamar ruwan sama a kan kwano. Kalilu ya riƙe tarhon falo, Beti tana tsaye a kansa. Shugaban makaranta ya fara, da Turancinsa na ranar taro, ya yi wa Amurka gaba ɗaya barka da yini. A bayansa kuwa hayaniya ce kamar kasuwa. Ashe rabin Nasarawa ne suka rako su, har da masu leƙe ta taga.

Maliki ya karɓa. "Salamu alaikum. Ya baƙunta? Ya sanyi? Madalla. Albasar tasu tana da yaji?"

"Manya na, Baba, amma lami."

"Na sani. Ga Goggonka."

Goggo Baiwa ta taho tun daga Argungu don wannan, kuma ba ta yarda cewa wayar nan siririya za ta kai murya Amurka ba tare da taimako ba. "Kalilu! Kana jina? Ni ta, Baiwa!" Ya janye tarhon daga kunnensa, karen gidan ya tashi ya fita. Ta jero masa waɗanda suka mutu da waɗanda suka haihu, ta gaya masa gulbi ya ja baya bana, kifi ya yi tsada. Mista Harol ya fara satar kallon agogo.

"Goggo, don Allah ki ba Inna."

Ya ji kokawa. "Karɓi mana, Laure!" "Ni mi za ni ce ma ƙarhe?" "Riƙe dai, ba ya cizo!" Sannan hayaniya ta lafa, ya ji numfashi a kunnensa. Bai taɓa jin numfashinta kusa haka ba.

"Inna, ina wuni."

Can ta ce, ba da shi ba, "Yaya Baiwa, abin ga magana shika yi." Ofis ya ɗauki dariya.

Kalilu bai yi dariya ba. Ya faɗi abin da ke tafe da shi: mutanen nan suna so su riƙe shi, su mai da shi ɗansu, ba zai dawo ba sai bayan shekaru, watakila ma ba zai dawo ba. "In kin ce in zamna, Inna, sai in zamna."

Ruwan nan na kan kwano ya ci gaba da zuba. Ba ta ce komai ba. Ya jira, ya ƙara jira. Shi ke nan, ya samu amsarsa. Beti ta dubi fuskarsa, ta ga abin da ke ciki, ranta ya ɓaci. Ta faɗa kicin ta fizgi ɗaya tarhon, ta zuba Turanci cikin waya: ita uwa ce, tana tambayar uwa, tana son yaron nan ko ba ta so?

"Yaya Baiwa," in ji Laure, "wata mace ta shigo cikin abin ga."

"Ita ta, Inna," Kalilu ya ce. "Ita ka son riƙe ni."

"Yaya Baiwa, tana jin Hausa?"

"Ba ta ji, Inna. Sai an fassara mata."

Da Laure ta sake magana, muryar ta sauya, ta miƙe tsaye, irin wadda take sa wa masu awo in sun tauye mudu.

"To, kai tafinta. Buɗe kunnenka. Abin da nac ce shi za ka gaya ma matar ga, kak ka rage komi."

Kalilu ya kusa sakin tarhon. Tun da aka haife shi, yau ne ta fara ce masa "kai".

"Ka ce ina gaishe ta, ina gaida maigidanta, an gode da ɗawainiya." Ya fassara. "To, ka tambaye ta, su garinsu in anka ba mutum aron tabarma ya shimfiɗa ma baƙi, naɗewa shika yi shi kai ƙuryar ɗakinai? Ka tambaye ta ita ba ta san hanyar ɗakin haihuwa ba ta, da za ta tsaya tsintar na mutane? Ka ce mata in idonta ya yi ja bisa ɗan wani, ta wanke shi da ruwan sanyi."

Kalilu ya share gumi, ya ce da Beti cikin Turanci, "Ta ce tana yi wa gidanku fatan alheri."

"Tafinta," in ji Laure, "maganata ta hi haka tsawo."

Ya ƙara wa Beti cewa ana kuma gaida Tom.

"Ka ce mata," Laure ta ci gaba, yanzu a hankali, "ita da tas same shi da haƙoranai da wandonai, mi ta sani? Ka ce mata shekarun da yay yi Argungu, ciwon ƙahwa nic ce ina yi, nic ce ba mai iya shi sai wanzamin Argungu, don gidanai na kallon gidan Yaya Baiwa. Ka ce mata an yi mani ƙaho har ba sauran wurin tsaga. Na sha saiwa mai ɗaci wadda ko jaki ba ya sha. Lahiyata lau. Zama nika yi zauren wanzami ana zuƙar jinina, ina kallon yaron yana wasa da ƙasa. In na ga ya yi ƙiba in dawo gida in yi barci."

Daga nesa aka ji muryar Maliki: "Ashe ƙarya ta? Laure! Ciwon da nay yi ta jigila a kai?" Goggo ta rafka salati ta ce a rufe masa baki.

"Ka gaya mata, tafinta. Mi kaka jira?"

Ya buɗe baki, Turancin nan da bai taɓa ƙare masa ba ya ƙare. Ya fara, ƙafa, wanzami, jini, sai muryar ta karye. Ya tsaya riƙe da tarho, gabjejen saurayi mai kumatu, yana kuka kamar an yaye shi yau. Daɗi ne ya yi masa yawa, da kunyar abin da ya zarge ta da shi. Beti ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ta ji muryar, ta kuma leƙo ta ga yaron. Ita ma ta fashe. Mista Harol ya daina kallon agogo ya koma kallon silin.

Da ƙyar Kalilu ya haɗa mata labarin a gutsure. Beti ta ce a gaya wa Laure tana ƙaunarta, 'yar'uwarta ce, tana roƙo ta yafe mata.

"Ta ce ta ji, za ta maido shi," Kalilu ya ce da uwarsa.

"Ka ce da ƙahwahunai biyu, yadda anka ba ta."

Beti ta jawo numfashi ta roƙi abu ɗaya: don Allah uwar ta faɗi sunansa, sau ɗaya tak, ya ji. Kalilu ya tuna ofishin nan cike da mutanen Nasarawa, da masu leƙe ta taga, da matar da ta riga ta tuɓe fiye da abin da ta taɓa tuɓewa a gabansu.

"Mi tac ce, tafinta?"

"Ta ce a gaida mutanen gida."

"Su ji." Layi ya yanke.

Kwanonin matan coci suka ragu bayan wannan, ko da yake ba wanda ya ce a mayar da keke. Beti kuwa abin ya shige ta sosai, har ta ɗaura niyyar gwada kunya a kan Tom. Ta tashi da safe ta ce da karen gidan in akwai mai son ƙwai ga shi nan a tebur. Ba ta kai azahar ba ta fashe da kuka ta bi yaron har gareji ta rungume. Sauran watannin Kalilu ya yi su ne a bayan Mista Harol a gona, yana koyon taki da iri, abin da ya zame masa sana'a daga baya.

Da damina ya dawo. Tun a jirgi ya shirya abin da zai yi: zai shiga gidan, ya nufe ta kai tsaye, ya rungume ta a gaban kowa, duk abin da zai faru ya faru. Motar Sakkwato ta sauke shi a tasha, yara suka ɗauki akwati, ya shigo Nasarawa da wandon jin da tulin gashi a ka. Gidan cike da mata. Goggo ta rangaɗa guɗa, ta ja kumatunsa ta ce an hura shi da famfo. Ya hango Laure a ƙofar ɗakinta, zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta ba taron baya, tana tsintar shinkafa a faifai kamar ba abin da ake yi a gidan.

Ya ware hannuwa ya nufe ta. Wata mata ta ce, "La ilaha, mi za shi yi?" Ya rage taku kaɗan ya isa, gwiwoyinsa suka lanƙwashe da kansu. Ya tsinci kansa a durƙushe, hannuwan da ya ware suna ƙasa.

"Inna, na dawo."

Ba ta juyo ba. Ta cire tsakuwa ta yar, ta cire wata.

"Tafinta," ta ce, "an iso lahiya?"

"Lahiya lau, Inna."

"Matar tana lahiya?"

"Tana gaishe ki."

"In ka rubuta mata ka ce ta iya kiwo." Mata suka kwashe da dariya, Goggo har da tafi. Laure ta bari sai da dariyar ta yi ƙarfi, yadda ba mai jin ta sai wanda ke durƙushe kusa, sannan ta yi ƙasa da murya, idonta a kan shinkafa.

"In ka ga yaron, ka ce mai kas shi sake yin nisa haka."

"Ya ji, Inna," in ji Kalilu.